Tsofaffin Motocin Gudu na Jamus: Abin da Ke Jan Masu Saye

A kasuwar motocin hannu akwai wani rukuni mai masoyansa na daban: motocin Jamus masu ƙofa huɗu, waɗanda a ido ba su da bambanci da motar da babban ma'aikaci ke zuwa ofis da ita, amma injin da ke cikinsu na gudu ne zalla. Fitattu a cikinsu su ne BMW M5, da Mercedes-Benz 500E da E55 AMG, da Audi S4. Galibinsu an ƙera su ne daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen shekarun 2000, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a kasuwa yau sun bi ta hannu uku ko huɗu, kowane mai ita ya bar nasa sauyi, wani a inji, wani a salansa, wani a ƙafafu.

Asalin wannan rukuni yana kan hanya ne. Wasu sassan babbar hanyar Jamus, wato Autobahn, ba su da dokar iyakar gudu, sai dai shawarar da hukuma ta bayar ta kilomita 130 a awa. Saboda haka mai sayen babbar mota a can yana sa ran ya ɗauki iyalinsa da kayansu ya yi tafiyar awa biyu ko uku cikin matsanancin gudu, ba tare da inji ya yi zafi ko birki ya gaji ba. Wannan bukata ce ta tilasta wa kamfanoni su yi lagireto babba, da birki mai juriya, da ƙafafun da ke riƙe titi. Gasar ta kai ga cewa a ƙarshen shekarun 1980 manyan kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu ta taƙaita gudun motocinsu a kilomita 250 a awa, ta hanyar kwamfutar inji.

BMW ce ta buɗe fagen sosai da M5 ta farko a 1985, inda ta ɗauko inji mai silinda shida da ya samo asali daga motar tsere ta M1, mai ƙarfin doki 286, ta sanya shi a jikin motar iyali. Mercedes ta mayar da martani da 500E a 1990, kuma labarin ƙirarta yana cikin abin da ke ɗaga darajarta har yau. An faɗaɗa jikinta domin ta ɗauki inji mai silinda takwas da ƙarfin doki 326, sai ya zamana ba ta dace da layin haɗa motoci na Sindelfingen ba. Aka ba kamfanin Porsche aikin haɗawa a Zuffenhausen, ana kai kowace mota ana dawo da ita tsakanin masana'antun biyu, har sai ta yi kwana 18 kafin ta kammala. Ɗan abin da ya haura 10,000 kawai aka yi. Amma wadda masana suka fi yabawa ita ce M5 samfurin E39, ta 1998 zuwa 2003: silinda takwas, ƙarfin doki 400, giyar hannu mai hawa shida, babu zaɓin otomatik ko kaɗan.

Abu na farko da ke jan mai saye shi ne faɗuwar farashi. Mota mai tsada ta fi ƙarama saurin zubar da darajarta, domin attajirin da ya saye ta sabuwa ba ya riƙe ta da daɗewa, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana tsoron kuɗin gyara. Bayan shekara goma sha biyar sai a same ta a kuɗin sabuwar ƙaramar mota marar armashi. Na biyu shi ne daɗin tuƙi. Motocin wancan zamani sun fi na yanzu rashin nauyi, sitiyarinsu na mai ne, yana isar da yanayin titi zuwa tafin hannun direba, kuma kwamfuta ba ta tsoma baki a tuƙi kamar yadda take yi yanzu. Wannan yabo yana da tushe, ba ɗokin tsohon abu ba ne kawai.

Sauya wa mota fasali kuwa tsohuwar sana'a ce a Jamus, mai mutunci. Hans Werner Aufrecht da Erhard Melcher, tsofaffin injiniyoyin Mercedes, su suka kafa AMG a 1967 a matsayin ƙaramin garejin ƙara wa inji ƙarfi, kafin daga baya Mercedes ta mallake shi. Alpina ta Buchloe ta fara da gyaran BMW a 1965, har hukuma ta amince da ita a matsayin mai ƙera motoci a 1983. Brabus ta Bottrop ta fara a 1977. Abin da ya tsare mutuncin sana'ar shi ne doka: duk sauyin da ya shafi lafiyar mota, ko dai kayan su zo da takardar amincewa, ko kuma a kai motar wurin masu binciken motoci irin su TÜV su duba, a rubuta a takardunta. In ba haka ba izinin hawa titi yana iya faɗuwa, inshora ma ta yi gardama ranar hatsari.

Motocin da ke da na'urar cusa iska cikin inji su suka fi karɓar sauyi. Audi S4 ta 1997 ta fito da tarbo biyu da ƙarfin doki 265, kuma sake tsara kwamfutarta kaɗai yana ƙara mata ƙarfi sosai; masu son wuce nan sukan cire tarbonta su sa na yayarta RS4, aikin da yawanci sai an sauke inji gaba ɗaya. E55 AMG ta 2002 tana da ƙarfin doki 476 tun daga kamfani, amma ana canza fulin da ke juya famfon iskarta domin ya ƙara sauri. Ƙarin iska yana zuwa da ƙarin zafi. Bakanike na ƙwarai ba zai taɓa fulin ba sai ya fara ƙarfafa na'urar sanyaya iskar, ya canza famfon ruwanta wanda aka sani da rauni. Wanda ya tsallake wannan mataki ya sayi gudun minti biyar ne da lafiyar inji.

A nan ribar mai sayen motar da aka riga aka sauya take: kuɗin da aka kashe a kan sauyi ba ya dawowa wurin mai sayarwa. Wanda ya zuba dukiya a birki, shokazoba da salansa, ranar sayarwa kaɗan ne daga ciki zai gani, mai saye ya gaji aikin a arha. Mafi amfanin sauye-sauyen ma ba su ne masu ƙara ƙara da gudu ba, su ne waɗanda suka toshe raunin da kamfani ya bari. M5 ta 2005, mai silinda goma da ƙarfin doki 507, an san ta da saurin cinye metal ɗin da ke riƙe sandunan fistin, kuma wadda aka canza mata su da rasit a hannu ta fi wadda ba a taɓa buɗewa ba kwanciyar hankali. Haka Mercedes na farkon shekarun 1990, waɗanda robar wayoyin injinsu ke farfashewa da tsufa, da BMW masu kayan roba a hanyar ruwa da ke tsagewa ba sallama.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin motar da aka ƙara wa ƙarfi yawanci an more ta da ƙarfi. Shi ya sa masu sanin harkar ba sa yarda a tayar musu da inji kafin su iso: sukan ɗora hannu a kan bonet su tabbatar da sanyi, sannan su sa a kunna suna sauraren ƙarar daƙiƙun farko, suna kallon kalar hayaƙi. Sukan buɗe murfin baƙin mai su duba ko akwai farin kumfa, alamar ruwa ya shiga, su ɗaga motar su bi ƙarƙashinta da tocila suna neman tsatsa da walda, su jona kwamfuta su karanta abin da ƙwaƙwalwar motar ta ajiye. Daga nan sai takardu: wa ya yi aikin, yaushe, da wane kaya. Tarin rasit ya fi sheƙin fenti daraja nesa ba kusa ba. Arhar saye kuma ba ta rage kuɗin kulawa, domin kayan gyara suna nan a farashin motar alfarma.

Akwai kuma lissafin gaba. Tun 1997 Jamus ke ba motar da ta cika shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, da sassaucin haraji, bisa sharaɗin ta kasance kusa da yadda ta fito, ko kuma sauyin ya dace da zamaninta. Wannan ya sa farashin waɗanda ba a taɓa ba ke hawa, su da aikin sanannun gidaje irin su Alpina, yayin da motar da aka yanke wa jiki ko aka liƙa wa kayan da ba a san asalinsu ba ke zama a baya. Mai hankali yakan ajiye kayan asali da ya cire a sito.

A Nijeriya jikin W124, wanda a kansa aka gina 500E, sananne ne da sunan V-boot, kuma shekaru da dama motocin Jamus na hannu sun riƙa shigowa ta Kwatano kafin a hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017. Amma samfurin gudu yana fuskantar abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Motar da aka sauke ƙafafunta takan daki kwandon mai a kan tudun rage gudu, siririyar taya ba ta jure rami, inji mai matsi sosai yana son fetur mai inganci, ga zafin bazara da ƙurar hunturu. Tun cire tallafin mai a 2023 shan man silinda takwas ya zama babban lissafi. Kayan gyaran samfurin gama-gari ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma na irin su M5 da AMG sau da yawa sai an yi odarsu daga waje, motar tana ajiye a gareji har su iso. Saboda haka sauyin da ya fi dacewa a nan kishiyar na Turai ne: a mayar da ƙafafu tsayinsu na asali, a sa taya mai kauri, a ƙara girman lagireto, a ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji.