Koyar da Rabe-raben Lamba da Harshen Hausa a Makarantun Firamare: Kalmomi da Hanyoyi

1. Gabatarwa

A shekarar 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatun boko da Hausa kafin su shiga Faransanci. A shekarar 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Tsakanin waɗannan shekaru biyu an yi aiki mai yawa a kan ƙa'idojin rubutu da littattafan koyon karatu. Lissafi kuwa yana da nasa buƙatu, domin ba ya koyuwa sai da kalmomi tsayayyu, kowace da ma'ana guda.

A cikin wannan maƙala za mu duba wani sashe na lissafi da ke ba ɗalibai wuya a ko'ina cikin duniya, wato lambobin da ke nuna wani yanki na abu guda, irin su 1/2 da 2/3 da 3/4. A nan za mu kira su rabe-raben lamba. Lamarin ba ƙarami ba ne. Wani bincike da Robert Siegler da abokan aikinsa suka buga a 2012, bisa bayanan ɗaliban Amurka da Ingila, ya nuna cewa sanin da yaro ya yi wa rabe-raben lamba a firamare yana nuna irin ƙoƙarin da zai yi a aljabara shekaru biyar ko shida bayan haka. Wanda ya bar firamare bai gane su ba zai sha wuyar kashi cikin ɗari, da awo, da lissafin riba da bashi.

2. Kalmomin da Hausa ta riga ta mallaka

Kalmomin rabo a Hausa sun fito daga tushe uku. Na farko shi ne asalin harshen: rabi, da kashi, da kaso, da aikatau irin su raba da kasa. Na biyu shi ne Larabci, wanda ya ba mu jerin sunaye cikakke:

1/3 sulusi
1/4 rubu'i
1/5 humusi
1/6 sudusi
1/7 subu'i
1/8 sumuni
1/9 tusu'i
1/10 ushiri

Na uku shi ne Turancin Ingilishi, inda aka aro kwata. An fi jin ta wajen faɗin lokaci: ƙarfe uku da kwata, ƙarfe huɗu saura kwata.

Waɗannan kalmomi ba ɗaya suke ba wajen yaɗuwa. Kowane yaro ya san rabi tun kafin ya shiga aji. Sulusi da rubu'i da ushiri sanannu ne ga manya. Subu'i da tusu'i kuwa da wuya a ji su a kasuwa. Ga kuma wasu abubuwa biyu da ya kamata masu tsara littattafai su lura da su.

Na ɗaya, wasu daga cikin sunayen sun yi kama da juna ƙwarai. Harafi guda ne ya raba sulusi da sudusi, haka ma rubu'i da subu'i. A aji mai cike da yara, wanda ke zaune a baya yana iya jin ɗaya a madadin ɗaya. Bai kamata a koyar da irin waɗannan tagwaye a rana guda ba.

Na biyu, sunayen suna da dangantaka da gomiyoyin ƙidayar Hausa, tun da yake dukansu daga Larabci suke: sulusi da talatin, rubu'i da arba'in, humusi da hamsin, subu'i da saba'in, sumuni da tamanin, ushiri da ashirin. Sunayen ranaku ma haka: Talata, Laraba, Alhamis, wato rana ta uku da ta huɗu da ta biyar. Wannan dangantaka tana taimakon tunawa, amma tana da haɗari. Yaro yana iya zaton rubu'i ɗaya cikin arba'in ne, ko kuma ya ji “ushirin kuɗin” ya ɗauka an ce ashirin.

3. Inda yaro ke gamuwa da rabo a rayuwarsa

(a) Kasuwa da gida. Mai tumatir tana kasa kayanta kashi-kashi. Masu watanda suna kasa naman saniya daidai da yawan waɗanda suka zuba kuɗi. A kuɗin sefa, jikka dala 200 ce, saboda haka rabinta dala 100 ne, rubu'inta dala 50, humusinta dala 40, ushirinta dala 20. Yaron da ake aike kasuwa ya san waɗannan canji da ka, ko da bai san sunayensu na lissafi ba.

(b) Makarantar allo. Alƙur'ani izu 60 ne, kuma kowane izu ya kasu sumuni takwas, jimla sumuni 480. Almajiri ya san sumuni biyu su ne rubu'i, rubu'i biyu su ne rabin izu. Wato ya riga ya san 2/8 daidai yake da 1/4, kuma 4/8 daidai yake da 1/2, tun kafin ya ga an rubuta su. Yawancin yaran ƙasar Hausa suna zuwa makarantar allo, saboda haka wannan misali a hannu yake.

(c) Zakka. Manomin da ya yi noman damina yana fitar da ushiri, dami ɗaya cikin goma. Wanda ya shayar da gonarsa da wahalar ban ruwa yana fitar da rabin ushiri, ɗaya cikin ashirin. A kuɗi kuwa rubu'in ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin arba'in.

(d) Rabon gado. Kason da shari'a ta ƙayyade guda shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Idan mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji guda, matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi, saura na ɗan ne. Malamin gado yakan nemi adadin da takwas da shida duka ke rabawa ba saura, wato 24, ya ba matar 3, uwar 4, ɗan 17. Wannan adadi da malamai ke kira asalin mas'ala shi ne ainihin abin da littafin boko ke nema idan za a tara rabe-rabe masu lambar ƙasa dabam-dabam. Misalin gado ya fi ƙarfin ƙananan yara, amma ya dace da azuzuwan yaƙi da jahilci, inda manya suka san muhimmancinsa.

4. Yadda ake karanta alamar

Rubuta lamba bisa lamba da layi a tsakani ba tsohon abu ba ne kamar rabon kansa. Masarawan dā, kamar yadda takardar Rhind ta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta nuna, suna aiki ne da rabe-rabe masu ɗaya a bisa, in ban da kaɗan irin su 2/3. Layin tsakani ya bayyana a rubutun al-Hassar, masanin lissafi na Magrib a ƙarni na 12, kuma Fibonacci, wanda ya koyi lissafi a Bijaya, ya yi amfani da shi a littafinsa na 1202.

Hausa tana da hanyoyi uku na karanta 2/3:

(1) sulusi biyu
(2) kashi biyu cikin uku
(3) biyu bisa uku

Hanya ta (3) tana faɗin yadda aka rubuta alamar kawai, wace lamba ce a bisa, wace ce a ƙasa. Ba ta faɗin ma'ana. Hanya ta (2) tana faɗin ma'ana: an kasa abu uku, an ɗauki biyu. Amma tana da iyaka, domin “kashi bakwai cikin shida” magana ce da hankali ba ya ɗauka, alhali kuwa 7/6 lamba ce ta gaskiya, ɗaya da sudusi. Hanya ta (1) ta fi su a nan. Tana mai da sulusi abin ƙidaya kamar goro ko dala: sulusi ɗaya, sulusi biyu, sulusi uku wanda shi ne guda cikakke, sulusi huɗu wanda ya zarce guda. Gazawarta ita ce jerin sunayen ya ƙare a ushiri. Babu kalma guda ta 1/12.

Ra'ayinmu shi ne a fara da (1) da (2) tare, a jinkirta (3) sai yaro ya gane ma'ana. Game da sunayen lambobin biyu, “lambar bisa” da “lambar ƙasa” suna da sauƙi, amma su ma wuri kawai suke nunawa. Muna ba da shawarar a kira ta ƙasa adadin rabo, domin ita ke faɗin gida nawa aka raba abu, a kira ta bisa adadin ɗauka, domin ita ke faɗin nawa aka ɗauka.

5. Kurakurai huɗu da maganinsu

Na farko, rabon da bai daidaita ba. A maganar yau da kullum ana cewa “ba ni babban rabin”, ko a ce rabin mutane sun tafi, ana nufin wasu daga cikinsu. A lissafi babu babban rabi. Sai malam ya sa yara su ninka takarda ko igiya, baki ya haɗu da baki, su tabbatar da idonsu cewa ɓangarorin daidai suke. Ya kuma nuna musu abin da aka raba biyu ba daidai ba, ya tambaye su ko wannan rabi ne.

Na biyu, zaton 1/4 ya fi 1/3 domin huɗu ta fi uku. Yaro ya shekara uku ko huɗu yana koyon cewa babbar lamba ita ce mai yawa, saboda haka kuskuren yana da dalili. Tambaya guda takan warware shi: rake ɗaya, kana so ku raba ku uku ko ku huɗu? Kowane yaro ya san yawan masu rabo yana rage kaso.

Na uku, tara bisa da bisa, ƙasa da ƙasa, a ce 1/2 da 1/3 sun ba da 2/5. A gwada da awa guda, minti 60. Rabinta minti 30 ne, sulusinta minti 20, jimla minti 50, wato sudusi biyar, 5/6. Amma 2/5 na awa minti 24 ne kawai, bai ma kai rabin da aka fara da shi ba. Idan yaro ya ga an ƙara abu a kan rabi amma jimlar ta kasa rabi, shi da kansa zai san akwai gyara.

Na huɗu, zaton ninkawa kullum ƙari take kawowa. Kalmomin sau da ninki da kansu suna ɗauke da ma'anar ƙaruwa. A nan nahawun Hausa yana da taimako: ɗafin -n na mallaka, kamar a cikin “rabin rabi” ko “rubu'in ushiri”, shi ne ke yin aikin alamar sau. A ce buhu yana cin tiya 40. Ushirinsa tiya 4 ne, rubu'in tiya 4 kuwa tiya ɗaya. Saboda haka 1/4 sau 1/10 ya ba da 1/40. A fara da “rabin rabi”, a bar alamar sau ta zo daga baya.

6. Jerin darussa

Daga abin da ya gabata muna ganin darussa su bi wannan jeri. A fara da rabo na hannu: ƙirgen tsakuwa ko gyaɗa 12 ko 24, domin ana raba su biyu, uku, huɗu, shida ba saura. Sannan a sa wa kowane kaso sunansa, rabi da rubu'i da sumuni tukuna tun da yake kowane rabin na gabansa ne, sa'an nan sulusi, daga baya sudusi, sa'an nan humusi da ushiri. Mataki na uku shi ne igiyar awo: a shimfiɗa igiya daga sifiri zuwa biyu, yara su nemi mazaunin 1/2 da 3/4 da 3/2 a kanta. Wannan ne ke nuna musu cewa rabo lamba ce mai wurinta tsakanin sauran lambobi, ba yankin waina kawai ba. Sai bayan haka a kawo rubutun alama, da daidaiton rabe-rabe, da tarawa da ɗebewa.

A kowane mataki malam ya riƙa tambayar: rabin me? Rabin jikka ya fi dala hamsin ɗungum, alhali wannan rabi ne, wancan kuwa cikakke. Rabo ba ya da girma sai an san abin da aka raba.

7. Kammalawa

Hausa ba ta rasa kalmomin rabo ba. Abin da ake bukata shi ne zaɓe da daidaitawa. Muna ba masu tsara manhaja da masu yaƙi da jahilci shawarwari uku. A yi binciken fili a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi, a gano waɗanne sunaye yara ƴan shekara takwas zuwa goma suka sani da gaske. A tsayar da suna guda ga rabon kansa da lambobinsa biyu, tare da tuntuɓar masana na Najeriya, kamar yadda aka yi wa haruffa tun taron Bamako na 1966, domin littafi guda ya yi amfani a ɓangarorin iyaka biyu. A ƙarshe, a gwada kowace kalma a aji na tsawon shekara kafin a buga ta a littafi, domin gyaran kalmar da ta riga ta shiga bakin malamai ya fi ƙirƙirarta wuya.