Maganin Zuciya Ba Tsaraba Ba Ne

Daga Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da wuya mota ta tashi zuwa ƙasar Katagum ba a damƙa wa direba ƙunshin magani a kai gida ba. Mai ci-rani ya sami labari tsohuwarsa a Bulkachuwa ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, sai ya garzaya kemis da tsohon kwali, ya sayi na wata shida ya aika. Niyyar kyakkyawa ce. Amma fa maganin zuciya ba goro ba ne, tsakanin abin da zai warkar da abin da zai illata tazarar kaɗan ce ƙwarai.

Ciwon zuciya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka buga rahoto kan mata 224 waɗanda zuciyarsu ta gaza a lokacin jego a Zariya, inda aka ƙiyasta ciwon yana kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 100. Suka zargi kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga 2017 ya nuna ciwon bai kau ba, kuma ya fi danganta shi da rama da hawan jinin masu ciki. Irin waɗannan mata, da tsofaffi masu hawan jini, su ne suka fi shan ƙwayoyin nan.

Na farko shi ne Digoxin, wanda aka samo daga wani tsiro da likita William Withering na Ingila ya bayyana amfaninsa tun 1785. Yana taimaka wa zuciyar da ta gaji, amma in ya taru a jiki sai ya zama guba. Alamunsa su ne tashin zuciya, da amai, da ƙin abinci, da ruɗewa, da ganin abubuwa sun yi ruwan ɗorawa. Wanda ya ga haka kada ya ce zazzaɓi ne, a kai shi asibiti a ranar.

Na biyu shi ne Lasix, watau maganin da ke sa yawan fitsari don kumburi ya saɓe. Yana fitar da ruwa, amma yana tafiya da wani sinadarin jini da ake kira fotasiyam, kuma idan wannan ya ragu, gubar Digoxin sai ta ƙaru. Da bazara, lokacin da zafin ƙasar Katagum ke tsananta, mai shansa yakan yi jiri, jijiyoyin ƙafa su riƙe, har ƙoda ta taɓu. Mai niyyar azumi ya fara shawartar likita.

Sai Lisinopril da Captopril na hawan jini. Sukan kawo busasshen tari wanda ba ya jin maganin tari. Wani lokaci leɓe ko harshe ya kumbura, abin da ya fi samun baƙar fata, kuma yana iya toshe numfashi. Mai ciki ba ta shansu ko kaɗan, domin suna illata ɗan tayi. Atenolol da Propranolol kuwa ba a yanke su farat ɗaya, kuma suna tayar da asma. Warfarin mai tsinka jini yana bukatar awon jini a kai a kai. Haɓo, da jinin dasashi, da baƙin bayan gida duk gargaɗi ne.

Har ila yau akwai abin da ake haɗawa da su a gida. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen suna riƙe ruwa a jiki, haka nan kanwa da gishiri da dunƙulen miya. Jiƙo da sassaƙe ma sai an gaya wa likita.

To, sai na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, wadda jama'a ke kira batirin zuciya. An fara dasa ta a 1958 a ƙasar Suwidin, kuma mutumin, Arne Larsson, ya rayu har 2001. Ke nan abin dogara ce, amma tana da dokoki. Batirinta yana ƙarewa bayan wasu shekaru, kuma ba a auna shi sai a babban asibiti mai likitan zuciya. A nisanta wayar hannu daga wurin da inci 6, kada a sa ta a aljihun gaba. Mai walda ya nemi izinin likita kafin ya koma aiki. In wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya fara ruwa, a tafi asibiti, kada a shafa komai.

Abin da ya kamata ɗan ci-rani ya yi a fili yake. Maimakon ƙunshin ƙwayoyi, ya aika kuɗin mota da na awon jini, a kai mara lafiya Azare, in ta kama a wuce Asibitin Malam Aminu Kano. A riƙa tafiya da dukan kwalayen da ake sha. In dole sai an saya a Kudu, to, a saya da takardar likita ta kwanan nan, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada a ba wani ragowar maganin wani, ko da kumburinsu iri ɗaya ne. Wanda kuma matarsa ta tafi gida haihuwa, ya riƙa tambayar numfashinta har wata biyar bayan suna.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi.