Abin da ya kamata mai mota ya sani kafin ya tara kayan gyara a gida

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ɗawainiyar riƙe mota ta ƙara yi wa ma'aikata da 'yan kasuwa nauyi. Wannan ya sa wasu masu motoci suka fara yin ƙananan gyare-gyare da kansu, kamar sauya batir ko filogi, da ɗaure notin da ya kwance. Sai dai sayen kayan aiki ba tare da sani ba yana iya jawo asarar da ta fi kuɗin bakanike.

Mota ce ke zaɓar sifana

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen babban akwati mai kaya barkatai, waɗanda yawancinsu ba za su taɓa amfani ba. Kowane kamfani yana da girman notin da ya saba amfani da shi. Motocin Japan irin su Toyota da Honda sun fi amfani da lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 da 19. Motocin Turai irin su Peugeot da Volkswagen da Mercedes kuwa suna yawan buƙatar lamba 13 da 16 da 18, tare da makullai masu kan tauraro da ake kira Torx.

Waɗannan lambobi faɗin kan noti ne a ma'aunin milimita. Akwai kuma sifanu masu ma'aunin inci, waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo daga Amurka. Rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifana mai lamba 13 za ta hau kansa, amma da ɗan sako-sako. Wannan 'yar tazarar ce ke cinye kusurwoyin noti har ya zama mulmulalle, daga nan sai an nemi mai walda kafin ya fita.

Notin taya ma ya bambanta: yawancin Toyota lamba 21 ne, Honda 19, Volkswagen da Mercedes kuma galibi 17.

Kayan da za a fara da su

Na farko shi ne jerin sifanu daga lamba 8 zuwa 19, masu buɗaɗɗen baki a gefe guda da zobe a ɗaya gefen. Da zoben ake karya ƙarfin noti, domin yana kama shi ta kowace kusurwa. Buɗaɗɗen bakin yana kama gefe biyu ne kawai, shi ya sa yake saurin zamewa.

Sai jerin soket da hannunsa mai juyawa. Hannun yana zuwa da girma uku: kwata, da uku bisa takwas, da rabin inci. Na tsakiyar ya wadatar a yawancin aikin inji, mai rabin inci kuma shi ne na taya da manyan notuna. Soket mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe notin da ya yi tsatsa. Filogi yana da nasa soket mai zurfi, yawanci lamba 16 ko 21, mai roba a ciki da ke kare jikinsa daga fashewa.

Ragowar su ne sukudireba mai faffaɗan baki da mai gicciye, da filaya, da guduma, da gejin auna iskar taya, da tocila mai kyau. Adadin iskar da taya ke buƙata yana rubuce a jikin ƙofar direba ko cikin littafin motar. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne.

Wanda ya yi nisa zai iya ƙarawa da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Notin tayar Corolla, alal misali, ana ɗaure shi ne da ƙarfin Nm 103. Hawa kan sifana da ƙafa, kamar yadda ake gani a wajen masu faci, yana miƙar da ƙarfen har wata rana ya tsinke.

Gane mai kyau a kasuwa

A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, ana samun sababbi da na gwanjo. Akwai kamfanonin da suka yi suna, kamar Gedore da Stahlwille na Jamus, da Snap-on na Amurka, da King Tony na Taiwan, sai masu sauƙin kuɗi irin su Ingco da Total. Tambarin Cr-V a jikin sifana yana nufin an haɗa ƙarfen da sinadaran da ke ƙara masa ƙwari, amma masu jabu ma suna buga shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce mai saye ya tafi da noti guda daga motarsa, ya gwada. Idan sifana tana rawa a kansa, ko bakinta ya buɗe, ko fentin azurfarta yana ɓarewa, to a bar ta. Tsohuwar sifana ta asali wadda bakinta bai lalace ba takan fi sabuwa ta jabu daɗewa. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Inda ganganci ke kisa

Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne domin sauya taya kawai. Shiga ƙarƙashin mota alhali shi kaɗai ke riƙe da ita ganganci ne da ke iya kai mutum lahira. Wajibi ne a tokare ta da ƙafafun ƙarfe guda biyu a kan daɓe mai ƙarfi, a ja birkin hannu, a kuma sa waigi a tayoyin da ke ƙasa.

Wajen cire batir, ana fara kwance wayar da ke da alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Idan aka fara da ɗayar, sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi. Haka nan ba a buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Aikin birki da giya da sitiyari da wayoyin kwamfutar mota na ƙwararru ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Adanawa

Danshin damina yana kawo tsatsa, ƙurar hunturu kuma tana cushe haƙoran hannun soket. Goge kaya da tsumma mai ɗan mai bayan kowane aiki, da mayar da kowanne gurbinsa, ya isa ya sa su shekara da shekaru suna aiki. Lamba 10 ce aka fi amfani da ita, ita ce kuma aka fi yarwa, don haka yana da kyau a ajiye biyu.

Ba dole ne a sayi komai rana ɗaya ba. Ma'aikacin da ke ware wani abu duk ƙarshen wata ya sayi ƙwaya ɗaya mai inganci, gwargwadon aikin da ya taso, zai wayi gari da akwatin da ya dace da motarsa kafin shekara ta zagayo.