"Da Ni Ne, Ba Zan Farka Ba"

Wata ranar Asabar cikin bazara mun kai ziyara gidan wata gwauruwa a unguwar Mabera, cikin birnin Sakkwato. Zafin watan Afrilu ya hana yara fita, an kuwa yi sa'a akwai wuta, sai muka tarar da su a kan tabarma gaban talabijin suna kallon katun. Mu manya muna gefe muna taɗi, ba mu kula da abin da a ke nunawa ba sai da muka ji ɗakin ya yi tsit. Da aka gama, ɗanta na fari, yaro ɗan shekara 9 wanda mahaifinsa ya rasu bara, ya juyo ya ce, "Mama, da ni ne, ba zan farka ba." Uwar ba ta ce kome ba. Ta tashi ta shiga madafa, ta daɗe ba ta fito ba.

Wannan magana ce ta sa muka nemi wasan muka kalle shi daga farko har ƙarshe, domin mu san abin da ya taɓa zuciyar yaron haka.

ABIN DA YARON YA GANI

Wasan yana cikin jerin katun ɗin nan na Amurka mai suna Justice League Unlimited, wanda tashar Cartoon Network ta fara nunawa a shekarar 2004. Ma'anar sunan wannan kashi ita ce, kyauta domin mutumin da ya ke da kome. An ɗauko shi daga wani littafin zane da Turawan Ingila biyu, Alan Moore da Dave Gibbons, suka fitar a 1985.

Ga yadda labarin ya ke. Ranar tunawa da haihuwar Superman, abokansa Batman da Wonder Woman suka kawo masa kyauta. Suka same shi a tsaye kamar gunki, ido buɗe, ga wani baƙin tsiro ya nannaɗe masa ƙirji. Wani maƙiyinsa mai suna Mongul ne ya aiko da shi. Tsiron nan kamar kauci ya ke, wanda kan kama reshen itace yana shan ruwan jikinsa. Amma shi yana biyan wanda ya kama da mafarki: ya kan nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi marmari duk duniya.

To, mene ne marmarin mutumin da ke tashi sama, harsashi kuma ba ya huda shi? Superman maraya ne. Duniyarsu, Krypton, ta tarwatse tun yana jariri, iyayensa suka sa shi cikin ƙaramin jirgi suka tura shi shi kaɗai. Cikin mafarkin nan Krypton tana nan lafiya. Shi manomi ne, yana da mata, yana da ɗa mai suna Van-El, tsohonsa kuma yana da rai. Ba ƙarfi, ba suna, sai gona da iyali.

Amma ƙasa ta riƙa girgiza kaɗan kaɗan, zuciyarsa kuma ta riƙa gaya masa akwai abin da ba daidai ba. A ƙarshe ya durƙusa gaban ɗansa yana hawaye, ya gaya masa yana ƙaunarsa, amma ya gane duk wannan ba gaskiya ba ne. Ya rungume shi, ya yi alkawari ba zai manta da shi ba, sa'an nan ya farka. A waje kuwa, duk lokacin nan, Mongul yana dukan Wonder Woman kamar zai kashe ta.

Da Batman ya ɓamɓare tsiron, sai ya kama shi. Shi ma maraya ne, gama ɗan fashi ya harbe uwarsa da ubansa a gabansa yana yaro. Cikin nasa mafarkin ya ga ubansa ya kama ɗan fashin yana ba shi kashi, ba wanda ya mutu. Wannan wurin ne ya sa ɗakin nan na Mabera ya yi tsit.

BA SAU ƊAYA BA NE

Masu shirya waɗannan wasanni sun sha komawa kan wannan batu. A 1992, cikin jerin katun na Batman, akwai kashin da Bruce Wayne, watau Batman, ya tashi daga barci ya tarar iyayensa suna da rai, ga shi kuma an yi masa baiko. Ya yi murna ƙwarai, har ya fara yarda. Sai ya ɗauki jarida, ya ga baƙaƙen sun hargitse, ba su karantuwa. A nan ya gane wani maƙiyi ne ya ɗaure shi cikin mafarki domin ya kawar da shi daga hanya. Ya ƙi wannan daɗi, ya zaɓi ya koma ga maraicinsa.

Maraici yana gindin labaran nan tun asali. Superman ya fara fitowa a 1938, Batman a 1939. Jerry Siegel, ɗaya daga cikin samari biyun da suka ƙago Superman a birnin Cleveland, ya rasa mahaifinsa a 1932, sa'ad da ɓarayi suka shiga kantinsa na tufafi. Siegel yana da shekara 17 a lokacin.

A NAN GIDA

Kada mu ɗauka wannan sha'anin 'ya'yan Turawa ne kawai. Tashin hankalin 'yan bindiga a gabashin jihar nan, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, inda aka kai wa kasuwa hari a watan Oktoba na 2021, ya kori iyalai da yawa daga garuruwansu, waɗansu har cikin birnin Sakkwato. Yaron da ya bar gonarsu da awakinsu da dare ba ya bukatar a fassara masa Krypton. Ga kuma waɗanda ciwo ko haɗarin mota ya raba da iyaye. Yaran nan suna makaranta ɗaya da namu, waɗansu ma a gidajenmu su ke kwana.

Mu kuwa yaya mu kan yi da su? Sau da yawa mu kan tura su gidan maƙwabta har a gama zaman makoki. Mu kan ce, "Baba ya yi tafiya." In yaro namiji ya fara kuka, a ce masa, "Haba, kai fa namiji ne." Da kyakkyawar niyya mu ke yi, amma mu ma mafarki mu ke ba shi. Yaron da aka gaya wa uba ya yi tafiya zai riƙa duban ƙofa duk lokacin da ya ji ƙarar babur. Ranar da ya gane, zai yi makoki shi kaɗai, zai kuma rage yarda da maganarmu.

Baƙin tsiron nan kuma yana da 'yan'uwa a titunanmu. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Kwalba da ƙwaya aiki ɗaya su ke yi da tsiron Mongul: su ba mutum sa'a biyu ta mantuwa, suna shan ƙarfinsa, alhali na gida suna shan wuya. Baƙin cikin da ba a bari yaro ya faɗa ba yana ɗan shekara 9, yana iya neman wannan hanya yana ɗan 19.

Abin da ya ba mu sha'awa cikin wasan shi ne, bai ce marmarin laifi ba ne. Jarumin ya yi kuka a fili, ya yi sallama, ya riƙe tunawa, sa'an nan ya tashi domin akwai masu rai da ke bukatarsa. Mun tuna da sarki Dawuda cikin 2 Sama'ila sura 12. Ya yi azumi yana kwance a ƙasa muddin ɗansa yana ciwo, amma da yaron ya rasu ya tashi ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci, yana sane shi ne zai je wurin yaron wata rana. Ubangijinmu ma ya zub da hawaye a bakin kabarin Li'azaru. Begenmu na tashin matattu bai hana kuka ba, bai kuma bukaci mu ruɗi yara ba.

SHAWARA GA IYAYE

Mu zauna mu kalli abin da yaranmu ke kallo, ko da sau ɗaya a mako. Wasannin nan suna da duke-duke, cikin na 1992 ma jarumin ya faɗo daga hasumiya ne domin ya farka, saboda haka ba na ƙananan yara ba ne su kaɗai. In an gama, mu tambaye su, "Da kai ne, me tsiron nan zai nuna maka?" Sa'an nan mu yi shiru mu ji. In yaro ya ce ya yi mafarkin wanda ya rasu, kada mu tsorata shi, kada kuma mu kai shi wurin boka. Masu makoki da yawa su kan yi irin wannan mafarki. Mu faɗa masa gaskiyar mutuwa daidai da shekarunsa, mu bar shi ya ambaci sunan mamacin, ya ajiye hotonsa.

Bayan mako biyu muka koma Mabera. Uwar ta ce a daren nan ta kira yaron ta ce masa, "Ni ma na kan yi mafarkin babanka, ni ma ba na son farkawa." Suka yi kuka tare, karo na fari tun ranar jana'iza. Ta buɗe akwati ta ba shi hular mahaifinsa. Ranar Lahadi da ita ya tafi sujada, ko da ya ke ta yi masa yawa har tana rufe masa kunnuwa.