Komawa Makaranta: Shirin da Kowane Iyali Zai Yi Tun Yanzu



A teburin kariya inda nake fassara, maganar makaranta ce ta fi yawa a kwanakin nan. Wasunmu sun baro Rusairis da Ganis tun rikicin Yulin 2022, wasu Wad al-Mahi a Oktoban wannan shekarar. Wasu kuma sun zo Damazin daga Jazira da Sinja da Mai Wurno bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023. Akwai yaran da suka yi shekara biyu ko fiye ba su zauna a aji ba. Duk shekarar da ta ƙaru, komawar tana ƙara wuya, musamman ga 'yan mata. Ga abubuwan da ya kamata kowane gida ya tsara.

Takardu

A tattara takardar haihuwa, rakam watani, katin rigakafi, katin rajistar iyali da sakamakon jarrabawar ƙarshe a leda guda mai kauri. A rataye ta sama, nesa da ruwa da gara. Mutum ɗaya ya riƙe ta, amma kowane babba ya san inda take. Mai waya ya ɗauki hoton kowace takarda, ya aika wa ɗan uwa amintacce a wani gari.

A duba rubutun suna da kyau. Na sha ganin yaro a takarda ɗaya Abubakar, a wata Babikir, sai a ɗauka mutum biyu ne. A ba mudir suna huɗu, na yaro, na uba, na kaka da na uban kaka, daidai yadda suke a takardar hukuma.

In takardun sun ƙone ko sun ɓace a hanya, kada a bar yaro a gida saboda haka. A je wurin mudir a faɗi ajin da ya tsaya, sannan a zo teburinmu mu nuna hanyar ofishin sijil madani. Wanda ba a taɓa yi masa takardar haihuwa ba, akwai takardar tasnin, wadda likita ke ƙiyasta shekarunsa a ciki.

Wane aji?

Tsarin yanzu shekara 6 ne a firamare, 3 a mutawassita, 3 a sakandare. Ana shiga aji ɗaya da shekara 6. Yaron da ya girmi ajinsa yakan ji kunyar zama da ƙanana. Kada a yi masa dariya. A tambayi malamai ajin gaggawa na waɗanda karatu ya wuce su, inda ake haɗa darussan shekaru cikin ɗan lokaci. Makarantar allo ba ta hana wannan: a yi ta da asuba ko bayan la'asar.

Aikin gida

A zauna da dare a raba aiki da baki, kowa ya ji. Wa zai bi layin ruwa? Wa zai karɓo rabon abinci? Wa zai riƙe jariri? In duk aka ɗora wa babbar 'ya, an cire ta daga makaranta ke nan ko da sunanta yana cikin rajista. A ɗebi ruwa da yamma, maza su ma su ɗauki jarka. Makwabta uku ko huɗu za su iya karɓa-karɓa wajen reno.

A ware ɗan abin fatur tun dare, ko ragowar kisra ce ko dafaffen wake. Littattafai su kwana cikin leda. A duba na yaro kullum, ko ba a iya Larabci ba. A sa shi ya bayyana da Hausa abin da ya koya. Karatun ya fi kyau kafin magariba, tun da sauran haske. A kwana cikin gidan sauro, domin zazzaɓi guda yana cin mako na karatu.

Idan yankan riɗi da dawa ya zo, kuɗin ƙwadago yana da jan hankali. A yi shawara tun yanzu wa zai tafi gona, wa zai zauna da 'yan makaranta.

Hanya

Yara su tafi a ƙungiya, su dawo tare, da babba guda yana biye da ƙanana. Kowane yaro ya haddace cikakken sunansa, sunan mahaifiyarsa, ɓangaren da suke zaune da lambar waya ɗaya. A tsayar da wurin haɗuwa in an ji harbi ko an tashi makaranta ba zato. A gaya musu kada su taɓa baƙon ƙarfe, harsashi ko wani abu mai waya da suka gani a ƙasa. Su koma ta inda suka biyo, su faɗa wa babba.

Kayan karatu na agaji kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko ya nemi yarinya ta same shi ita kaɗai kafin ya rubuta sunanta, a kawo mana ƙara. Ana sauraro cikin sirri, da Hausa, kuma mace za ta iya neman mace ta saurare ta.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana su, ya mayar da mu gidajenmu lafiya.