Turing da Kameny: Asarar da Ake Iya Gani da Wadda Ba Ta Ƙirguwa

A shekarun 1950, ƙasashe biyu da ke kukan ƙarancin masana sun yi watsi da masanan da ke hannunsu, kuma dalilinsu ɗaya: mutanen suna neman maza 'yan'uwansu. Ingila ta yi wa Alan Turing, masanin lissafi. Amurka ta yi wa Frank Kameny, masanin taurari. Sunan na farko ya zaga duniya, na biyu kuwa sai wanda ya tona. A ganina labarin na biyun ne ya fi nuna girman ɓarnar.

A 1936, bai kai shekara 25 ba, Turing ya rubuta takardar da ta aza harsashin tunanin kwamfuta tun kafin a ƙera ta. Lokacin yaƙin duniya na biyu yana Bletchley Park, cikin waɗanda suka warware saƙonnin sirri na sojojin Jamus. A farkon 1952 aka fasa gidansa kusa da Manchester. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, sai reshe ya juye da mujiya, domin bai ɓoye musu alaƙarsa da wani saurayi ba. Aka gurfanar da shi ƙarƙashin dokar 1885, wadda da ita aka ɗaure marubuci Oscar Wilde. Kotu ta ba shi zaɓi: gidan yari, ko allurar sinadarin jikin mata har shekara guda. Ya zaɓi allurar, har nono ya fito masa, aka kuma yanke shi daga ayyukan sirri na gwamnati. Ranar 7 ga Yuni, 1954, ya mutu da gubar sayanaid yana da shekara 41. Binciken hukuma ya ce shi ya kashe kansa. Mahaifiyarsa ta tsaya a kan cewa tsautsayi ne.

Ba a cika maganar aikin da ke gabansa a lokacin ba. A shekarar da aka yi masa shari'a ya fitar da takarda kan yadda zane ke fitowa a jikin halitta, irin tambayar da yaro kan yi: me ya sa damisa ke da ɗigo-ɗigo, jakin dawa kuma ratsi-ratsi? Ya nuna da lissafi cewa sinadarai biyu da ke aiki a kan juna, ɗaya na yaɗuwa da sauri fiye da ɗayan, suna iya haifar da zane a inda da babu komai. Sai a 1990 masana a Bordeaux ta Faransa suka ga irin wannan zane a ɗakin gwaji, a 1995 kuma masanan Japan suka nuna shi a ratsin jikin wani kifi. Ajali ya same shi yana nazarin yadda ganye ke jeruwa a jikin tsiro, yana gwada lissafinsa a kwamfutar jami'ar Manchester. Rubuce-rubucen da bai ƙarasa ba suna nan, kowa na iya ganin inda alƙalami ya tsaya.

Kameny bai bar irin wannan shaida ba. Ya yi yaƙi a Turai cikin sojan Amurka, ya dawo ya sami digirin digirgir a Harvard a 1956, da bincike kan taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. A 1957 hukumar zana taswira ta rundunar soja ta ɗauke shi aiki. A watan Oktoba Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan adam Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, aka shiga neman duk wanda ya san sararin samaniya ruwa a jallo. A watan Disamba aka kori Kameny. Masu bincike sun gano an taɓa kama shi a San Francisco, suka tambaye shi ko ɗan luwaɗi ne, ya ce rayuwarsa ba ta shafe su ba. Umarnin da Shugaba Eisenhower ya sa wa hannu a 1953 ya riga ya haramta wa irinsa aikin gwamnati. A 1958, shekarar da aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, aka rufe masa ƙofar kowace ma'aikatar tarayya. Bai sake aikin taurari ba.

Mai karatu yana da matsayarsa ta addini kan luwaɗi, kuma ba ita nake tattaunawa ba. Ina magana ne kan gwamnatin da ta ɗura wa lafiyayyen mutum magani don ta sauya masa jiki, da wadda ta raba masani da abincinsa ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya a aikinsa ba. Wannan zalunci ne. Hujjar da suka kafa ita ce abokan gaba za su iya tsorata irin waɗannan mutane da tonon asiri har su sayar da sirrin ƙasa. Amma wa ya mai da abin asirin da ake tsoron tonawa, in ba dokar ba?

Ba na cewa da Kameny ya zama wani Turing. Wataƙila da ya zama masanin taurari mai matsakaicin suna, ya auna taurarinsa, ya yaye ɗalibai, ya yi ritaya. To ai irin waɗannan su ne ke ɗauke da kimiyya. Gwani ɗaya yana tsaye ne a kan ma'aunin mutum ɗari da ba a san sunansu ba. Dubbai aka kora daga aikin gwamnatin Amurka a wancan zamani, a Birtaniya kuma an ƙiyasta maza kusan 49,000 aka hukunta da irin laifin da aka tuhumi Turing. Ƙara da waɗanda suka ga abin da ya sami wasu suka janye jiki tun suna ɗalibai. Abin da ke damuna da yadda ake jimamin Turing ke nan: hotonsa da aka sa a takardar fam 50 a 2021 yana iya sa mutum ya ɗauka kuskuren Ingila shi ne ta taɓa gwani, alhali malamin makaranta ko akawun da aka ɗaure da dokar nan an zalunce shi daidai da shi. Sarauniya ta yafe wa Turing a 2013. Sauran sai da suka jira dokar 2017.

Kameny bai yi shiru ba. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli a 1961, ta ƙi saurarensa. Ya yi zanga-zanga a ƙofar Fadar White House a 1965, yana kuma cikin waɗanda suka matsa wa ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka har ta cire neman jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1973. A 2009 gwamnatocin biyu suka nemi afuwa, kuma shi ya karɓi tasa da hannunsa yana da shekara 84. Sai dai lokacin da aka ɗage haramcin aikin gwamnati a 1975, shekararsa 50, ya yi shekara 18 rabonsa da fagen da ya sauya kama gaba ɗaya a bayansa. Izinin ganin bayanan sirri kuwa, wanda ayyukan sararin samaniya da yawa ba sa yiwuwa sai da shi, ba a hana amfani da neman jinsi ɗaya a matsayin dalilin ƙin bayar da shi ba sai a 1995.