Hawayen da ba na albasa ba

Ku mutanen Aliero kun san hawayen albasa: ana ajiye wuƙa sun ƙafe. To, yau zancenmu kan waɗanda ba sa ƙafewa ne.

Ku lura da Inna ko Kaka a gida. Ido kullum ja, kullum ruwa. Ta ce ji take kamar an zuba mata yashi, in ta fito rana sai ta kare fuska da mayafi. Babbar alama kuwa ita ce matsefata. In kun ga tana ƙulle da ita a bakin zane, tana kiran jika ya zo ya tsige mata gashin ido, to gashin ya juya ciki, duk ƙiftawa sai ya goge ƙwayar idon. Ƙurar hunturu ake ɗora wa laifi. Hunturu ya wuce, ciwo na nan.

Asalinsa amosanin ido ne tun na yarinta. Ƙuda ya sauka kan kwantsar wannan yaro ya koma idon wancan, hannu da tsumma su taya shi. Kowane kamu yana barin tabo a cikin fatar ido, shekaru na tafiya tabon na tattarewa har ya janyo bakin fatar ciki. Abin ya fi cin mata, don su ke goge fuskar yara.

Dubawa ba wuya. A zaunar da ita a inuwa, a haska tocila ta gefe. Ko gashi ɗaya aka ga yana taɓa ƙwayar ido, ya isa a tafi asibiti. Tsigewa sauƙin 'yan kwanaki ne, gashin zai sake fitowa, wanda ya karye ma ya fi kaifi. In hakiya ta rufe baƙin ido, ba irin yana ba ce da ake cirewa gani ya dawo.

Aikin gyaran fatar bai cika wuce minti 20 ba, da allurar kashe zafi, a koma gida ranar. Ƙungiyar Sightsavers ta daɗe tana tallafa masa a Kebbi da Sakkwato da Zamfara. Ana kuma iya cin nasara: Gana ta shawo kan cutar a 2018, Gambiya a 2021.

In za ku asibitin, ku tafi da matsefatar, ku nuna wa ma'aikacin ido, ko da an tsige gashin jiya.